Sirrin Mata a Takardar Kifi

Ko da zan manta da ranar aurena, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka kawo lefen Falmata ba. Shekara uku ke nan, amma har yau in na ji ƙamshin soyayyen kifi sai ranar ta dawo mini sabuwa. Ku tuna kuma a Haɗeja nake zaune, garin da ba za ka wuce lungu biyu ba ka ci karo da kaskon suya ba. Wato dai hukuncina kullum ne, safe da yamma.

Bari in fara gaya muku wace ce ni a wancan lokacin. Na yi wata tara a Kano ina koyon tausa a wajen wata mata da ta yi aikin gashin ƙashi a asibiti kafin ta yi ritaya. Na dawo gida da takardar shaida a cikin firam, da fararen riguna biyu, da kai kumburarre kamar kabewa. Na kama ɗan shago a bakin unguwarmu, na rataya labule, na sa gadon tausa da kafinta ya haɗa mini (ya yi tsawo, sai da aka rage masa ƙafa sau biyu), na rubuta a bango cewa mata zalla. Masu zuwa wajena yawancinsu matan da ke wuni a duƙe wajen dashen shinkafa ne, ko a bakin tukunyar turara ta, bayansu ya riƙe, kafaɗa ta ƙage. Sai masu jego, sai kuma amare masu neman gyaran jiki.

Masu wannan sana'a ba su ƙare a garinmu ba, akwai tsofaffin da suka gaje ta tun iyaye da kakanni, kuma in gaskiya za a bi hannunsu ya fi nawa. Abu ɗaya nake taƙama na fi su da shi, fom. Malamarmu ta nanata mana har ya zauna a kai: kada hannunki ya taɓa jikin mutum sai kin san abin da ke cikin jikin. Mai hawan jini da irin tausarta, mai ciki da wuraren da ba a danna mata, wadda aka yi wa tiyata akwai inda ba a kusanta. Wannan gaskiya ce, har gobe ina kanta. Sai ni kuma na ƙara nawa iyayin. Fom ɗin da aka ba mu da Turanci yake, na zauna na mayar da shi Hausa tsaf, wai don kowace mace ta fahimci abin da take sa wa hannu. Na kai aka buga mini, sunan shagona a sama da manyan haruffa, ga lambar wayata, ga layin suna, ga na unguwa, har da na sunan miji. Babu wanda ya ce in sa sunan miji. Ni ce dai na ga zai ƙara wa takardar kwarjini.

Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa yarda da abin ba. Ni ce 'yarta ta fari, don haka ba ta kiran sunana. Ranar da na nuna mata, ta juya takardar sama da ƙasa ta ce, "Ke wannan, yanzu mace ta zo da ciwon baya, sai kin rubuta ta kamar wadda aka kama da laifi?"

Na ce, "Inna, zamani ne. Haka ake yi a manyan wurare."

Ta miƙo mini abuna ta ci gaba da tsintar wakenta. Ni kuma na tafi ina tausaya mata rashin wayewa.

Matan garinmu ba sa sakin magana da sauƙi, amma ni na ƙware wajen tatso ta. In mace ta zo da 'yar rakiya, sai in ce 'yar rakiyar ta jira a waje. In rufe ƙofa, in kunna fanka don kada a jiyo mu, in matso kusa in yi ƙasa da murya. Sannan in kawo jimlar da na fi alfahari da ita, wadda na faɗa wa mata sun fi arba'in: "Wannan takarda daga ni sai ke sai Allah." Kuma sukan yarda. Akwai wadda ta gaya mini abin da ko mijinta bai sani ba, ni kuwa ina ta rubutawa ina gyaɗa kai kamar babbar likita. In mun gama, in ɗauki takardar in saka ta a ma'ajiyata, wato wani kwalin taliya da ke ƙarƙashin gadon tausa.

Falmata 'yar Hajiya Yagana ce, mai sayar da shinkafa buhu-buhu a kasuwa. Hajiyar ta daɗe tana zuwa wajena saboda ciwon ƙugu, kuma ita ta jawo mini rabin matan da nake da su. Da aka sa ranar auren 'yarta, ni ta ba aikin gyaran jiki. Falmata malamar firamare ce, mai sanyin magana, in za ta yi dariya sai ta rufe baki da gefen mayafi. Wanda za ta aura sunansa Nasiru, mai gyaran injinan ban-ruwa, shekara uku suna neman juna.

Ranar farko na zaunar da ita muka fara fom. Muna tafiya lafiya har muka zo layin da ke cewa, kin taɓa suma ko faɗuwa? Sai ta dubi ƙofa.

Ta ce, "Anti, wannan dole ne?"

Na yi mata bayani cewa za mu yi sirace, akwai zafi, akwai turaruka masu ƙarfi, kuma in wani abu ya same ta a kan gadon nan ya kamata in san abin yi. Ta daɗe tana murza zoben hannunta kafin ta ce, "Ina da farfaɗiya. Tun ina yarinya. Ina shan magani, shekara shida rabon da ta tashi."

Na ce, "Nasiru ya sani?"

"Ya sani. Shi ma yake karɓo mini maganin in ya je Kano sayen kayan inji. Amma danginsa ba su sani ba, mun bar shi tsakaninmu. Kin san mutanenmu."

Na san su kuwa. A nan ba a ɗaukar wannan ciwo a matsayin ciwo. Wani ya ce aljanu ne, wani ya ce yana bin zuriya, wani ko kofi ba zai haɗa da mai shi ba. Yarinyar ta kama hannuna ta ce, "Anti, na dai gaya miki, amma kada ki rubuta."

Na ɗora hannuna a kan nata, na yi ƙasa da murya, na karanto mata jimlar nan tawa. Sannan na ɗauki jan biro na rubuta da manyan haruffa, na ja layi biyu a ƙarƙashi, don kada in manta. (Kamar akwai yadda za a yi in manta.)

Sati biyu da fara gyaran, kogi ya cika ya kawo. Mazan gari suna ta jera buhunan yashi a bakin jinga, amma ruwan ya biyo ta magudanai ya shigo unguwarmu, a shagona sai da ya kai ƙwauri. Na shiga da zani a ɗage na ceci abubuwan da na ga sun fi daraja: firam ɗin nan, da fararen rigunan nan, da kwalaben man zaitun. Kwalin taliya bai faɗo mini a rai ba sai bayan kwana biyu. Na same shi ya narke ya zama kamar tuwo, takardun a manne da juna. Na kwashe su na kai tsakar gidan Inna, na ɓare su ɗaya bayan ɗaya na shanya a tabarma, kowacce da dutse a kai. Da suka bushe sun yi kalar laka, sun yamutse. Na sayo sabon littafi mai kauri na zauna kwana uku ina kwafe su a ciki, ina yi ina yaba wa kaina, don ban san wata mai tausa a masarautar nan da za ta yi wannan wahala ba. Tsofaffin takardun na zuba su a buhu na jingine a zaure da niyyar ƙonawa. Itace a jiƙe, ƙasa a jiƙe, na ce gobe. Gobe ta yi na ce jibi.

Ranar Alhamis sai ga Lami mai kifi, maƙwabciyarmu da ke suya a bakin layi. Ta yi sallama ta ce, "Likita," (haka take tsokanata, ni kuma ban taɓa hana ta ba) "ba ki da tsofaffin takardu? Ruwa ya cinye nawa kaf, ga shi an ba ni babban aiki ranar Asabar."

Ban tambaye ta aikin wane gida ba ne. Ina riƙe da waya a kunne ina yi wa wata bayanin dilka. Na leƙa buhun na zaro uku na sama, na ga tawadarsu ta narke, ko suna ba a gani. Waɗannan na farkon buɗe shago ne, da na cika da wani alƙalami mai tawada da aka ba ni kyauta. Na ce a raina ai duk haka suke. Ni fa, da na zauna kwana uku ina kwafe su da idona. In ba sa karantuwa, me na kwafa? Wannan tambaya na yi wa kaina ita ta fi sau dubu, kuma har yau ba ni da amsar da ta wuce cewa ina sauri kuma ina son in rabu da buhun. Na yi mata nuni da hannu ta ɗauka. Da yamma ta aiko mini da karfasa biyu na godiya, na ci da yaji, har na ce Lami ta ƙara iya suya.

Gidan Hajiya Yagana a kan tudu yake, ruwa bai kai shi ba, don haka ba a ɗaga kawo lefe ba. Ranar Asabar bayan azahar na ci ado da atamfar da na fi so, na cika jaka da katunan shago na tafi. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, mata sun kai talatin, na gidan amarya a gefe guda, dangin ango a gefe guda, akwatuna a tsakiya. Wadda ta jagoranci dangin ango ita ce Gwaggo Asabe, yayar mahaifinsa, tsohuwar shugabar makaranta, mai tabarau rataye da igiya a wuya. Amarya, kamar yadda aka saba, tana can ƙuryar ɗaki da ƙawayenta.

Ni da ba dangin kowa ba, na san yadda na yi na kutsa na zauna kusa da Gwaggo Asabe, don na ji an ce tana fama da gwiwa. Na ba ta kati. Na ce, "Gwaggo, ni aikina ba irin na tsofaffin nan ba ne da za su hau ki da danna ba tambaya. Ni komai a rubuce yake. Kowace mace da takardarta."

Ta ce, "Madalla. Ina son mutum mai tsari."

Aka buɗe akwatuna, aka ɗaga zannuwa aka nuna, aka yi guɗa, aka ci shinkafa. Can sai aka shigo da babban baho cike da ƙunshin kifi, aka fara rabawa, kowace mace ɗaya. Ni ma aka miƙo mini nawa, da ɗuminsa. Na juya shi zan kwance, sai na ga lambar wayata ta fito raɗau a jikin takardar, mai ya jiƙa ta tana sheƙi. Zan gaya muku gaskiya ko da za ku raina ni. Abin da ya fara zuwa zuciyata shi ne, a'a, ga talla kyauta. Sai da na buɗe na ga rubutun hannuna a ciki, da sunan wata mai jego, da sunan mijinta, sannan na gane abin da na aikata.

Kafin in ɗago kai, wata budurwa cikin dangin ango ta riga ta fara, da muryar karanta labarai. "Suna," ta faɗi sunan (ba zan maimaita ba, sau ɗaya da na yi ya isa). "Unguwa kaza. Matar Alhaji wane. Abin da ke damunki: basir mai tsiro, shekara huɗu." Mai sunan kuwa tana zaune tabarma biyu daga wajen, da kan kifi a bakinta.

Aka kwashe da dariya. Nan da nan kowa ta ajiye kifinta ta koma kan takarda. Tsakar gidan ta zama kamar ranar da aka liƙa sakamakon jarrabawa. Wata ta karanto shekarun wata Hajiya da muka daɗe da sani a kan talatin da takwas, ashe hamsin da ɗaya ce. Wata ta karanto cikin wata uku na matar da ko uwarta ba ta gaya wa ba tukuna. Waɗanda ba su iya karatu ba suna miƙa wa waɗanda suka iya. Hausar da na sha wahala na tsara don kowa ya fahimta, kowa kuwa ya fahimta.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai ga kaina ina rarrafe a kan tabarmi ina fizgar takardu daga hannun mutane, ina cewa, "Ku ba ni, don Allah ku ba ni, ba a karantawa." Kifi yana zubewa a cinyoyin mata. Na taka kwanon zoɓo ya kife. Ɗankwalina ya faɗi ban tsaya ɗauka ba. Wata tsohuwa ta zaci kifin nake son ƙwacewa, ta riƙe gam muka yi ta ja har takardar ta rabu biyu. Duk wadda na ƙwato sai in duba ta da sauri, abu ɗaya nake nema, jan biro. Na tara sun kai ashirin a ƙirjina, mai yana bin atamfar, babu jan biro a ciki. Na fara addu'a a raina, Allah ya sa tana can wajen Lami, Allah ya sa ta hura wuta da ita.

Sai na waiwaya na ga Gwaggo Asabe. Ita kaɗai ce ba ta dariya. Ta ajiye kifinta a kan murfin kwano, ta sa tabarau, ta shimfiɗa takardar a kan gwiwarta tana lallashe ta da tafin hannu. Tun daga inda nake na hango layukan nan biyu ja.

Na ƙarasa gabanta a durƙushe, kai ba ɗankwali. Na ce, "Gwaggo, don girman Allah ki ba ni."

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Rubutunki ne?"

Na ce, "Nawa ne."

Ta ce, "Hannunki da kyau. Ba a shan wahalar karanta shi."

Ta ninke takardar gida huɗu, ta saka a jakarta, ta ja zif. Ba ta karanta wa kowa ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi mutanenta ta ce su tashi la'asar ta gabato. Suka fita ɗaya bayan ɗaya, ko cincin da dubulan da aka jera musu na tukwici ba su tsaya ɗauka ba. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe.

Bayan fitarsu matan da aka karanta nasu suka fara neman takalma. Mai basir ɗin nan ta tsaya a kaina ta ce Allah ya isa, a hankali, kamar tana gaya mini farashin gishiri, ta wuce. Hajiya Yagana tana tsaye a ƙofar madafa. Ba ta ga takardar ba, amma ta ga fuskar Gwaggo Asabe kuma ta ga tawa, ba ta bukatar a fassara mata. Na jira ta zage ni, wallahi da ta mare ni da na ji sauƙi. Sai kawai ta nuna mini ƙofar ɗaki ta ce, "Shiga ki gaya mata da bakinki."

Falmata tana zaune a bakin gado, ƙawayenta sun kewaye ta. Sun jiyo dariyar, sun zaci wasan dangi ne. Da ta gan ni a wannan kama, takardu masu maiƙo a rungume, sai ta fara murmushi, ta kai gefen mayafi baki. Na ce ƙawayen su ba mu wuri. Na gaya mata, a tsaye, cikin jimla uku ko huɗu da ban san yadda na haɗa su ba. Ta dubi takardun da ke hannuna.

Ta ce, "Anti, ai na ce kada ki rubuta."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ni ce ma na ɓarke da shi, har ta miƙo mini hankici, abin da ya ƙara kashe ni.

Washegari da hantsi na tafi gidan Gwaggo Asabe, wai zan gyara. Na shirya bayani tun a hanya: cewa ciwo ne kamar kowane ciwo, ba a ɗaukarsa ta kofi ko yawu, magani yana riƙe shi, mata da yawa masu shi sun yi aure sun haihu lafiya, kuma shi angon da kansa ya sani. Ta bar ni na gama tas. Sannan ta ce, "Yarinya, na yi shekara talatin ina koyarwa, na ga yara masu wannan lalura, ban ce laifinta ba ne. Amma uwar yaron ta ji, kuma abin da ya fi yi mata ciwo shi ne an ɓoye mata, ta zo ta ji a bakin kifi. Ke kuma da kika naɗe suya da sirrin mutane, ba ke ce za ki zo gidana ki yi mini darasi ba. Ki gaida gida."

Na gaida gidan kuwa.

Nasiru ya yi iya ƙoƙarinsa, wannan shaida ce da zan bayar ko'ina. Wata biyu yana kai gwauro yana kai mari tsakanin kawunnansa da mahaifiyarsa. Aka ce an ɗaga biki sai ruwa ya janye. Ruwa ya janye, aka girbe abin da ya tsira na shinkafa, aka shuka alkama, ba a sa sabuwar rana ba. Wata Laraba ina zaune a ƙofar shago ina kora ƙuda, don babu wanda zan tausa, sai ga adaidaita sahu biyu sun fito daga layin su Hajiya Yagana, an ɗaure akwatuna a bayansu. Na gane su, ai a gabana aka buɗe su. Na shiga ciki na kwanta a kan gadon tausa, ban fito ba sai da aka kira magariba. Ba da daɗewa ba Falmata ta nemi canjin wurin aiki zuwa wata makaranta a wajen Kafin Hausa, ta koma zama gidan kawunta.

Shagona ya yi wata biyar babu ko mai tambayar hanya. Sunana a unguwa ya koma Mai Takardar Kifi, har yanzu akwai masu kwatancen layinmu da shi. Lami ta zo tana kuka tana ba ni haƙuri, ita da ba ta san bihim ba a karatu, na ce ta tashi, ba ita ta yi wa kowa alkawari ba. Na bi matan nan gida-gida ina neman afuwa. Wasu sun ce sun yafe, wasu sun aiko a ce ba sa nan alhali ina jin muryarsu. Inna ba ta ce na gaya miki ba, ko sau ɗaya, kuma shirun nata ya fi mini zafi. Wata safiya dai na tashi na tarar ta fito da tsohon akwatin ƙarfenta na aure ta ajiye mini a ƙofar ɗaki.

Yanzu a cikinsa nake ajiya, a saman wata kanta mai tsawo da ruwa ba zai kai ba, da kwaɗo biyu. Na daina rubuta suna a fom, lamba nake sawa, sunayen suna wani littafi dabam a gida. Layin sunan miji na soke shi. Takardar da ta gama aiki a ranar nake ƙona ta, ko da ruwan sama ake yi, in tsaya a kanta har ta zama toka. Mata sun fara dawowa kaɗan-kaɗan, don ciwon baya bai san fushi ba, kuma dashen shinkafa bai daina ba.

A ƙarshen daminar bara ina goge kwalabe sai na ji sallama. Hajiya Yagana ce. Ta shigo a karkace, hannu ɗaya dafe da ƙugu, ɗaya yana bin bango. Ta rame. Rabon da mu haɗa ido tun ranar nan. Na gaishe ta har ƙasa ta amsa a taƙaice, ta zauna da ƙyar a bakin gado ta ce ta je wurare uku, babu hannun da ya karɓe ta. Na ɗauko sabon fom, na yi mata bayanin lamba da akwati da kwaɗo. Ta saurara ba ta ko kalli akwatin ba.

Na ce, "Hajiya, ko akwai wani ciwo da likita ya ce kina da shi? Hawan jini, ko suga?"

Ta ce, "Babu."

"Akwai maganin da kike sha?"

"Babu."

Ina ganin ƙwayoyin magani a ƙulle a bakin mayafinta. Na ce, "To me ke damunki yanzu?"

Ta ce, "Rubuta lafiyata ƙalau."

Na rubuta. Sannan na yi ƙarfin halin tambayar abin da ke cina shekara biyu. Na ce, "Hajiya, yaya Falmata?"

Ta gyara kwanciya ta juya fuskarta bango ta ce, "Tana nan. Ita ma lafiyarta ƙalau, sai ki rubuta."

Haka na tausa ta a makance, a hankali, ina tsoron kowane wuri da na danna. Kuma haka sauran suke yi mini duka, kowace ta zo amsarta babu, babu, babu. A Kano an koya mini yadda ake tambaya, na kuwa iya har ya yi yawa. Abin da na koya da kaina, a makare, kuma bayan na ɓata auren wata, shi ne sa mace ta buɗe baki ba gwaninta ba ce, kowace mai daɗin baki za ta iya, aikin yana farawa ne bayan ta rufe shi ta tafi gida. Ga ni nan dai yau da akwati mai kwaɗo biyu, mabuɗi a wuya, kuma bisa ga abin da ke rubuce a cikinsa da kyakkyawan hannuna, babu mara lafiya ko ɗaya a Haɗeja.